Asibitin 'yan wasa da likitan imajansi ya buɗe a Kaduna, ga abin da na gani da idona

Jama'a salamu alaikum. Masu harkar ƙwallo a unguwanni sun dame ni da tambaya a kan asibitin nan na 'yan wasa da ke ɓangaren Unguwar Rimi, wai yana da kyau kuwa, wai ba cin kuɗi ba ne kawai, to na ga gara in zauna in rubuta kowa ya karanta. A taƙaice wajen ya yi, likitan ya san aikinsa, kuma in dai ɗanka ko ƙaninka da gaske yake buga ƙwallo to ka san da zaman wajen tun kafin buƙata ta taso. Amma fa akwai tsada, akwai jira, akwai kuma abubuwan da ba su da su, duk zan faɗa. Ban sa sunan wajen ko na likitan ba saboda ba talla aka ba ni ba, kuma ina da ƙorafin da zan yi.

Ni koci ne na ɗan ƙaramin kulob a Tudun Wada, yara 'yan ƙasa da shekara 17, filinmu burji ne da tsakuwa irin wanda duk ɗan Kaduna ya sani, da damina santsi da rani kuma ƙasa ta yi tauri kamar an dafe ta. Targaɗe da gurjewa a wajenmu abu ne na kullum. Garin nan shi ya fitar da su Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro, a filin Ahmadu Bello aka buga wasannin kofin duniya na matasa a 1999 da na 'yan ƙasa da 17 a 2009, Kaduna United ta ɗauki kofin Federation a 2010, amma duk da wannan tarihin in yaro ya ji ciwo a gwiwa yau abin da akasari ke biyo baya shi ne man zafi, da mai ɗori, da ɗan kemis na bakin layi. Shi ya sa da na ji an ce akwai likitan da aikinsa kenan raunin 'yan wasa na ce sai na gani.

Wajen gida ne fulat aka mayar asibiti, ba wani ƙaton gini ba. Falon shi ne ɗakin motsa jiki, akwai keken nan da ake tukawa a tsaye guda biyu, da madubi babba a bango, da robobi masu launi-launi da ake ja, da wani faifan katako mai lilo da ake ɗora mutum a kai ya tsaya da ƙafa ɗaya. Ɗaki ɗaya na likita, ɗaki ɗaya na gashi mai gado uku da labule a tsakani. Tsafta kam ba a magana. Abin da ya fara jan idona wata jaka ce ja a rataye daidai bakin ƙofa, ba a cikin durowa ba, ba a kulle ba, daga baya na gane na'urar farfaɗo da zuciya ce a ciki, zan dawo kanta. Waɗanda ke zaune a benci kuma ba 'yan ƙwallo kaɗai ba ne, na ga ɗan folo daga Murtala Square da hannu a rataye ya faɗo daga doki, na ga samari masu shirin shiga soja a Zariya da gudun safe ya sa musu ciwon ƙauri, na ga wani dattijo ma'aikaci da agararsa ta hana shi tafiyar asuba.

Zuwanmu na farko targaɗen idon sawu ne, golanmu ya dira a kan ƙafar wani ta lanƙwashe, ta kumbura suntum. Mahaifinsa ya riga ya ware kuɗin hoto. Likitan ya zauna a kan ɗan kujera ƙasa-ƙasa ya ɗora ƙafar a cinyarsa, ya bi bayan ƙashin idon sawun da babban yatsa ta waje da ta ciki yana dannawa a hankali yana kallon fuskar yaron ba ƙafar ba, ya danna gefen tafin ƙafa wajen ƙashin ƙaramin yatsa, sannan ya ce ɗan samari tashi ka yi min taku huɗu ko da ɗingishi ne. Yaro ya yi. Sai ya juya ya ce Alhaji mayar da kuɗinka aljihu, wannan ba ya buƙatar hoto. Baban ya ɗan yi jim, ya ce likita ko dai a yi don hankali ya kwanta, ya ce masa wannan gwajin ba ni na ƙirƙira ba, likitocin imajansi ne a garin Ottawa na Kanada suka fito da shi a 1992 saboda su rage ɗaukar hoton da ba shi da amfani, in mutum ya iya taku huɗu kuma waɗannan wuraren ƙashin ba sa zafi to da wuya ƙwarai a samu karaya, amma in kwana biyar zuwa bakwai ya yi ba sauƙi ku dawo mu sake dubawa. Asibitin kuɗi ne fa, kuma ya hana mu kashe kuɗi. Daga nan na fara yarda da shi.

Babban abin da ya sa nake wannan rubutun dai gwiwa ce. Lamba taranmu, ɗan shekara 16, yaro mai gudu da natsuwa, yana cikin gudu ya zo zai yanke ba wanda ya taɓa shi, ƙafa ta kafe a ƙasa jiki ya juya, ya ce shi da kunnensa ya ji ƙas, kafin magariba gwiwa ta cika tam. A gida aka kai shi wajen mai ɗori. Ni ba na cikin masu zagin masu ɗori, gadon gidajensu ne kuma mutane da yawa a hannunsu suka tashi, amma mai ɗori ƙashi ya sani, abin da ya tsinke a nan kuwa ba ƙashi ba ne, to aka ja aka murza aka ɗaure da kara, yaro ya yi ta kuka. Aka kuma je aka yi hoton ƙashi aka ce ba karaya ya je ya huta. Kumburi ya saɓe, ya dawo tirenin, da ya zo juyawa sai gwiwar ta zame masa ya zube. Irin wannan labarin duk kocin unguwa ya san shi, ana cewa yaro gwiwa ta kama shi, daga nan sai a daina ganinsa a fili, bayan shekara biyu ka gan shi yana tuƙa keke Napep.

Yadda likitan ya duba shi ya burge ni ƙwarai. Kafin ya taɓa shi sai da ya yi ta tambaya, an buge ka ne ko kai kaɗai ka faɗi, ka ji ƙara, ka iya ci gaba da wasa, kumburin nan take ya zo ko sai washegari, tana zame maka in kana sauka daga bene. Ya ce kumburin da ya zo cikin awa ɗaya ko biyu jini ne ya taru a cikin gaɓar, kuma wannan alama ce ta cewa wani abu ya tsinke. Ya kwantar da shi ya fara da lafiyayyar gwiwar tukuna, ya ɗan lanƙwasa ta, hannu ɗaya ya riƙe cinya ɗaya ya jawo ƙauri gaba, ta tsaya cak. Ya koma mai ciwon ya yi haka, wallahi ni da nake tsaye a gefe na ga ƙaurin ya taho gaba luguf ba abin da ya tare shi. Ya ce koci zo ka sa hannunka nan ka ji bambancin. Na ji.

Sai ya jawo takarda ya zana wa mahaifiyar yaron, da Hausa tsantsa ba ya haɗawa da Turancin likitoci. Ya ce Hajiya a cikin gwiwa akwai wasu jijiyoyi biyu da suka gitta juna, kamar igiyoyin da ake ɗaure rumfa da su don kar ta goce, ta gaban ita ce ta ɗanki ta tsinke, ita suke ce wa ACL, ba ta fitowa a hoton ƙashi shi ya sa aka ce muku ba komai, kuma galibi ba ta haɗewa da kanta. Ya ce mutum zai iya tafiya da harkokinsa ba ita in ya ƙarfafa naman cinya, amma wasan da ake yanka da juyawa irin ƙwallo in aka ci gaba a haka kowace zamewa tana ƙara cin guringuntsin ciki, ƙarshenta yana ɗan shekara 30 da gwiwar tsoho. Hajiya ta ce likita to ƙwallon ta ƙare kenan, ya ce a'a Hajiya, Sadiq Umar ɗan garin nan ne, wannan jijiyar ce ta tsinke masa a watan Satumba na 2022 yana zuwa Real Sociedad ba da jimawa ba, ya rasa sauran kakar gaba ɗaya kuma ya dawo ya ci gaba da wasa, sai dai ba zan ɓoye miki ba shi yana da kulob a bayansa ku kuma aljihunku ne. Wannan gaskiyar ta fi min daɗin baki.

Shi ba ya tiyata kuma ya faɗa tun farko. Ya tura mu waje muka yi MRI, wato hoton da ke nuna jijiyoyin cikin gaɓa, ta tabbatar da abin da hannunsa ya riga ya faɗa, sannan ya rubuta wa likitan ƙashi takarda ya kuma kira shi a gabanmu. Amma bai bari an yi aikin nan take ba, ya ce sai gwiwa ta miƙe sosai kumburi ya tafi cinya ta dawo da ƙarfinta, domin in aka shiga tiyata da gwiwa a sandare haka za a fito da ita. Aikin kansa ana ciro wata jijiya ce daga bayan cinyar mutum ko daga gaban gwiwarsa a dasa a madadin wadda ta tsinke. Kuɗin sai da dangi da 'yan kwamitin kulob da wani bawan Allah a unguwa suka haɗa hannu, Allah ya saka musu. Bayan aiki kuma nan ne ainihin amfanin asibitin nan ya fito, domin likitan tiyata ya gama nasa a rana ɗaya, sauran watannin duk a falon nan ake yin su, daga koyon matse cinya a kwance, zuwa aje sanda, zuwa keke, zuwa tsayuwa a kan faifan nan mai lilo ana jefo maka ƙwallo kana mayarwa. Ya ce ba maganar wasan gasa kafin wata 9, kuma ko wata 9 ɗin ya cika sai ya gwada shi da tsalle da ƙafa ɗaya ya ga ta kusa kamo lafiyayyar. Yanzu haka yaron ya fara ɗan gudu a miƙe a bakin fili, yana ƙorafin shi ya warke, likita ya ce bai warke ba, ni kuma ina bayan likita.

A zaman jiran gashi ne muka saba har na tambaye shi yadda aka yi ya faɗo wannan layin, tunda a nan in ka ce likita mutane tiyata ko haihuwa ko yara suke tunani. Ya ce shi bayan ya gama karatu da aikin koyo na shekara ɗaya da bautar ƙasa, a imajansi na wani babban asibiti ya yi shekaru. Kowa ya san me ake kawowa can a garin nan, hatsarin hanyar Abuja da ta Zariya, 'yan acaɓa da kai a fashe, harbi, sara, ƙuna, mai ciwon suga da ya suma, duk cikin dare ɗaya. Ya ce aikin ya koya masa abu ɗaya da ba a samu a littafi, wato mutum goma su shigo lokaci guda ka kalle su ka san wanda zai iya jira da wanda in ka juya baya minti biyar ya tafi. Amma abin da ya riƙa cinsa shi ne a imajansi ba ka ganin ƙarshen labari, ka tsayar da jini ka ɗinke ka sa ruwa ka miƙa wa wasu, shikenan, ba ka san ya tashi ko bai tashi ba. Sannan ga samari da ake kawowa daga fili da yamma da gwiwa a kumbure, a tsakiyar masu jini wa zai tsaya musu, a yi hoto a ce ba karaya a ba su maganin ciwo su tafi, ya ce shi kansa ya san akwai abin da ya rage a kan yaran nan amma ba lokaci kuma ba wajen da zai tura su.

Daga baya aka riƙa neman likitan da zai zauna bakin fili tare da motar asibiti in ana wasa ko folo, abokan aikinsa ba sa so shi kuma yana so, da ma ɗan ƙwallo ne tun yana makaranta. Nan ya gane rabin aikin ya iya rabi bai iya ba. In ɗan wasa ya faɗi ba numfashi ko wuya ya bugu ko kafaɗa ta goce wannan gidansa ne, amma in koci ya tambaye shi yaushe wannan zai dawo wasa, ko me ya sa bayan cinyar wancan ke yawan tsagewa, sai ya ga ba shi da amsa. To sai ya koma karatu, ya fara da kwas ɗin likitancin ƙwallo da FIFA ke bayarwa kyauta ta intanet a lokacin, sannan ya fita waje ya yi digiri na biyu a fannin. Ya ce a can hanyar a shimfiɗe take, Ingila ta amince da likitancin wasanni a matsayin fanni mai zaman kansa tun 2005, a Amurka kuma likitan imajansi na iya ƙara horon shekara ɗaya ya zama likitan wasanni, shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda kuke gani suna rugawa cikin fili da jaka a talabijin daga imajansi suka fito.

Na ji masu cewa ya bar ceton rai ya koma gasa ƙafar 'yan ƙwallo, a lokacin da likitoci ke ta ficewa daga ƙasar kuma asibitocinmu ke kukan rashin hannu. Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba, duk wanda ya taɓa kwana a imajansi da mara lafiya ya san darajar likita ɗaya a wajen. Amma ni a ganina bai bar ceton rai ba, ya dai matsar da shi zuwa inda babu kowa ne. Kuma har yanzu yana karɓar aikin dare a imajansi wasu ranaku, ya ce in ya daina hannunsa zai mutu.

Jakar nan ja da na ambata ita ce hujjata. Ranar wata Asabar ya zo filinmu da kansa da ita da wani mutum-mutumin roba, bai karɓi ko sisi ba, ya tara yara da kocinan maƙwabta ya tambaye mu in ɗan wasa ya yanke jiki ya faɗi ba wanda ya taɓa shi me kuke yi. Kowa ya faɗi abin da aka saba, a zuba masa ruwa, a yi fifita, a ɗaga ƙafafu, a cusa cokali a baki kar ya haɗiye harshe, wani ma ya ce a yi masa tofi aljanu ne. Ya ce addu'a kam a yi, amma hannu na aiki. Duk wanda ya faɗi haka kawai kuma ba ya amsawa ku ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya har sai an tabbatar ba ita ba ce, ko da kun ga yana shure-shure kamar mai farfaɗiya ko yana wani irin jan numfashi kamar minshari kar ya ruɗe ku. A kwantar da shi rigingine, a haɗa hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani ya nemo mota wani ya kawo na'ura. Ya buɗe ta ya nuna mana, ita da kanta take magana tana gaya maka inda za ka manna da lokacin da za ka danna maɓalli, kuma ba za ta ba da shokin ba sai in zuciyar na buƙata. Ya ce kowane minti ɗaya da ya wuce ba a yi komai ba damar rayuwa na raguwa da kusan kashi 10 cikin 100.

Ya tuna mana Samuel Okwaraji da ya faɗi a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola, da Marc-Vivien Foé na Kamaru a Faransa a 2003, da Chineme Martins na Nasarawa United a Lafiya a watan Maris na 2020, Allah sarki duk ba su tashi ba. Sannan ya ce ku dubi Christian Eriksen, ya faɗi a wasan Denmak da Finlan a watan Yuni na 2021 duniya na kallo, aka danna ƙirji aka sa na'ura a cikin fili, ya tashi har ya dawo ya buga Firimiya. Yaran nan sai da kowa ya durƙusa ya danna robar nan har gumi ya keto masa, wanda hannunsa ya lanƙwashe ya ce miƙe gwiwar hannu ka sa nauyin jikinka. Ban taɓa ganin yaranmu sun yi tsit haka ba.

A ranar ya yi maganar buguwar kai, cewa duk wanda aka yi karo da shi ya ga jiri ko ya rikice ba ya komawa wasa a ranar ko da wasan ƙarshe ne, in kuma ya fara amai ko barci na fizgarsa ko ciwon kan na ƙaruwa to asibiti kai tsaye. Ya ce kowane yaro ya san jinsin jininsa, domin mai AS, wato mai ɗauke da rabin gadon sikila, lafiyarsa ƙalau kuma zai yi wasa, amma a tsananin zafin Maris da Afrilu in aka matsa masa da gudu ba hutu ba ruwa zai iya faɗuwa. Da azumi kuma ya ba da shawarar a mayar da tirenin mai nauyi bayan shan ruwa. Ya koya mana ɗumama jikin nan na FIFA 11+ da aka fito da shi a 2006, minti 20 ne ba ya buƙatar komai sai fili, kuma bincike ya nuna yana rage rauni da kusan kashi ɗaya cikin uku in ana yinsa a kai a kai, mun mayar da shi farkon tirenin ɗinmu. Inda ya fi ɗaga murya shi ne ƙwaya. Ya ce ya san akwai masu shan diclofenac kafin wasa kamar alewa, da masu zuwa kemis a yi musu allura a gwiwa, da masu tramol don kar su gaji, ya ce shi ya ga ƙarshen waɗannan a imajansi, aman jini da ƙoda da ta tsaya da farfaɗiya, kuma mai mafarkin fita waje ya sani hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya ta haramta tramol a lokacin gasa tun 1 ga Janairu 2024.

To yanzu ƙorafi. Kuɗin ganin likita ya fi na asibitin kuɗi na unguwa nesa ba kusa ba, gashi kuma kowane zama da kuɗinsa, ga shi ciwon gwiwa ba zama ɗaya ko biyu ba ne, kuma ba sa karɓar inshorar lafiya. Ya yi mana ragi da ya ji kulob ɗin unguwa ne, ya kuma rubuta wa yaron atisayen da zai riƙa yi a gida don a rage zuwa, na gode masa, amma ragin a bakinsa yake ba a rubuce ba, wanda bai iya roƙo ba ko mai jin nauyi haka zai biya ko ya daina zuwa. Ya kamata su fitar da tsari a fili na 'yan makaranta da ƙananan kulob, domin yaran da suka fi buƙatar wajen nan su ne 'yan Rigasa da Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Kawo, ba masu dawakin folo ba.

Na biyu shi kaɗai ne likita. In ya tafi da wata tawaga wasa ko ya kwana a imajansi sai ka zo a ce ba ya nan, kuma ba sa kira su sanar ko da an ba ka lokaci, mun taɓa biyan kuɗin Napep tun daga Tudun Wada da yaro a kan sanda muka juya. Wadda ke zaune a teburin kati tana da kirki amma wayar wajen sau da yawa ba a ɗauka. In yana nan kuma ba ya sallamar mutum da wuri, abu ne mai kyau in kai ne a ciki, in kai ne a benci kuwa sai ka yi haƙuri. Na uku masu gashin duk maza ne, kuma labule ne kawai tsakanin gadaje, akwai 'yan mata masu ƙwallon hannu da guje-guje a garin nan da iyayensu ba za su yarda ba, na ga wata Hajiya mai ciwon kafaɗa ta tambaya ta juya. Wannan gyaransa ba wuya, su ɗauki mace su ware mata ɗaki. Ba su da hoton ƙashi ko MRI a wajen, komai sai an fita, wajen ajiye mota kuma bai wuce na mota uku ba.

Abu ɗaya da shi ma ya nanata, wajen ba imajansi ba ne duk da can ya fito. In ƙashi ya karye har ƙafa ta karkace ko ya huda fata, ko jini ya ƙi tsayawa, ko mutum ya suma, ko ya bugu a wuya ya ce ba ya jin hannu ko ƙafa, kar a tsaya neman Unguwar Rimi, a wuce asibitin Barau Dikko ko asibitin sojoji na 44 ko duk babban asibitin da ya fi kusa, mai ciwon wuya kuma kar a cicciɓe shi yadda aka ga dama. Nasa shi ne gwiwar da ke zamewa ko ke maƙalewa, targaɗen da ya ƙi warkewa, kafaɗar da ke yawan gocewa, tsagewar naman cinya, ciwon ƙauri na masu gudu, da gwajin lafiya kafin a fara kaka ko kafin yaro ya tafi gwaji wani kulob. In za ku je ku kira tun ana gobe ku tabbatar yana gari, ku je da safe a tsakiyar mako don ranar Litinin cika yake da waɗanda suka ji ciwo a wasannin Asabar da Lahadi, a tafi da gajeren wando da duk hoton da aka taɓa yi da kwalin duk maganin da yaro ya sha, kuma in ɗan ƙasa da 18 ne sai da uba ko uwa ko wani babba na gida, ba ya duba yaro da koci kaɗai.